Ma'aunin da Ya Ƙi Zama Ɗaya: Tarihin Binciken Auna Ƙwazon Kamfanoni da Hukumomi

A shekarar 2009 wasu masana huɗu, Pierre Richard da Timothy Devinney da George Yip da Gerry Johnson, suka bi manyan mujallun ilimin gudanarwa suna neman sanin abin da 'yan'uwansu masu bincike ke nufi idan sun ce kamfani kaza ya yi ƙwazo. Sun tara maƙaloli 213 da suka auna wannan abu, sai suka tarar da ma'aunai daban-daban har 207. Wannan ya ɗauki riba, wancan ya ɗauki farashin hannun jari, wani bunƙasar ciniki, wani kuma ya aika wa manaja takardar tambayoyi ya ce ya ba kamfaninsa maki da kansa. Ilimi ne da aka haura shekara ɗari ana yinsa, ga jami'o'i ga kuɗin bincike, amma masu yinsa ba su daidaita a kan abin da suke aunawa ba. Wani zai ce ƙuruciyar fanni ce, lokaci zai gyara. Tarihin bai goyi bayan wannan fata ba. Abin da yake nunawa shi ne, kusan kowane ma'auni an ƙirƙire shi ne domin wanda ke nesa da aiki ya sa ido a kan mai yin aikin, kuma daga ranar da aka rataya albashi ko ƙarin girma ko kora a kan wata lamba, lambar takan fara ƙarya. An rubuta wannan ɓaro-ɓaro tun shekarun 1950. Sai dai duk lokacin da wani ma'auni ya ba da kunya, amsar da aka fi bayarwa ita ce a ƙaro wasu ma'aunan, a bar tambayar da ta fi nauyi a gefe, wato wa ke riƙe da lambar, kuma me zai yi da ita.

Nisa ce ta haifi wannan ilimi. Mai kanti ɗaya da ke zaune a bakin kantinsa ba ya buƙatar rahoto, idonsa ya ishe shi. Kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka a shekarun 1850 su ne suka fara wayar gari da dubban ma'aikata warwatse a kan ɗaruruwan mil, waɗanda shugaba ba zai taɓa ganin yawancinsu ba. Daniel McCallum na layin dogon Erie ya tsara rahoton kullum da ake bugo masa ta wayar tangaraho, daga baya Albert Fink na layin Louisville da Nashville ya fito da lissafin abin da ake kashewa wajen ɗaukar tan ɗaya na kaya tsawon mil ɗaya, domin a kwatanta wannan reshe da wancan. Frederick Taylor shi ya sauko da lissafin daga kan reshe zuwa kan jikin mutum guda. A masana'antar ƙarfe ta Bethlehem, wajen 1899, aka tsaya da agogon ƙirga daƙiƙa a kan leburorin da ke loda gumagumen ƙarfe a taragu, kowane guda kusan kilo 42. A cewar Taylor, leburan da ke loda tan 12 da rabi a yini ya koma loda tan 47, ladansa ya tashi daga dala 1.15 zuwa dala 1.85. A duba lissafin da kyau: aiki ya kusa ninka huɗu, lada ya ƙaru da kashi 60 cikin ɗari. Shi kansa ya yarda cewa mutum ɗaya cikin takwas ne jikinsa zai ɗauki wannan nauyi, kuma masana tarihi da suka koma ga takardun lokacin a shekarun 1970 sun nuna cewa ya sa wa labarin gishiri. Ma'aikatan zamaninsa ba su jira masana tarihi ba. A 1911, shekarar da littafinsa na gudanarwa ta hanyar kimiyya ya fito, maƙeran masana'antar makamai ta gwamnati da ke Watertown suka ajiye aiki saboda an tsaya musu da agogo. Majalisar dokoki ta kira Taylor ta yi masa tambayoyi, a 1915 kuma ta hana kashe kuɗin gwamnati a kan irin wannan awon a ma'aikatun soja.

Ma'aunin da ya fi kowanne daɗewa yana mulki daga DuPont ya fito, kamfanin albarushi da nakiyoyi a wancan zamani. Bayan 1903 kamfanin ya haɗiye ƙananan kamfanoni da yawa, shugabanni suka rasa yadda za su gane sashen da ya cancanci a ƙara masa jari. Donaldson Brown, injiniyan lantarki da ya shigo a matsayin mai tallan nakiya, ya tsara lissafin ribar da kowace dalar jari ke dawowa da ita, ya raba shi gida biyu: ribar da ke cikin kowace dalar ciniki, da kuma sau nawa jarin ke juyawa a shekara. Da DuPont ya sayi kaso mai tsoka a General Motors, Brown ya koma can a 1921, shi da Alfred Sloan suka mai da wannan lissafi hanyar da hedikwata ke riƙe sassa irin su Chevrolet da Buick da Cadillac. Dabara ce mai kyau, domin mutum ɗaya a ofis zai iya kwatanta masu yin fenti da masu ƙera mota ba tare da ya san yadda ake yin ko ɗaya ba. Illarta ma nan take. Manajan da ya san da wannan lamba za a yi masa hisabi yana da hanya biyu ta ɗaga ta. Ko ya ƙara riba, abu mai wuya, ko ya rage jarin da ke rubuce a littafi, abu mai sauƙi. Sai ya ƙi sayen sabon inji, tunda tsohon da darajarsa ta zube a littafin akanta yana ƙawata lambar, ya soke horar da ma'aikata, ya jinkirta gyara. Kafin ɓarnar ta fito fili an ƙara masa girma ya bar wajen.

Masana zamantakewa ne suka fara shiga cikin ma'aikata su zauna su ga abin da lamba ke yi wa mutane. A masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric kusa da Chicago, a 1931 da 1932, aka sa ido a kan maza 14 masu haɗa wayoyin na'urorin tarho. Sai aka ga sun yanka wa kansu adadin da ba sa wucewa a yini, wanda ya zarce kuwa ya sha gori da naushi a dantse, saboda tsoron kada a gane za su iya fiye da haka a ɗaga musu adadin. Peter Blau, a littafinsa na 1955, ya kawo abin da ya gani a ofishin nema wa marasa aikin yi aiki na wata jiha a Amurka. Da farko ana ƙirga mutum nawa jami'i ya yi hira da su, sai jami'ai suka riƙa sallamar mutane da sauri ko an samar musu aiki ko ba a samar ba. Aka gyara, aka fara ƙirga waɗanda suka sami aiki, sai wasu jami'an suka koma ɓoye takardun guraben aiki don kada abokin zamansu ya riga su cikewa. Sashen da jami'ansa ba sa wannan gasa shi ya fi samar wa mutane aiki. Game da Tarayyar Sobiyet kuwa, Joseph Berliner ya ji daga bakin tsofaffin manajojin da suka yi hijira yadda suke ɓoye ainihin ƙarfin masana'antarsu don kada a ɗora musu kaso mai nauyi a shekara mai zuwa, da yadda ake rububin cika adadi a kwanakin ƙarshe na wata, inganci ko oho. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san mudun da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, a ido cike yake har da tsororuwa, a gida kuma ba ya kaiwa. A waɗannan ma'aikatu duka, wanda ake aunawa shi ne ke riƙe da mudun.

V. F. Ridgway ya tattara irin waɗannan shaidu a wata gajeriyar maƙala ta 1956, a kundin farko na mujallar Administrative Science Quarterly, kuma a ganina duk abin da aka rubuta a wannan fanni bayanta yana cikin inuwarta. Ya raba ma'aunai gida uku. Idan ma'auni ɗaya ne, mutane za su bi shi su yi watsi da duk abin da ba a ƙirgawa. Idan ma'aunai da yawa ne, za su ci karo da juna, ma'aikaci ya laluba wanda maigidansa ya fi damuwa da shi ya bi wannan. Idan aka haɗa su wuri ɗaya aka ba kowanne nauyinsa, sai a koma wasa da nauyin. Wato ya rufe ƙofofin nan uku tun kafin a shiga biyu daga cikinsu da gaske. A daidai wannan lokaci General Electric, ƙarƙashin Ralph Cordiner, yana gwada auna sassansa da abubuwa takwas, ciki har da matsayi a kasuwa da horar da ma'aikata da haƙƙin al'umma, Peter Drucker ma ya kawo irin wannan jeri a 1954. A aikace riba ce ta ci gaba da yanke hukunci, kamar yadda Ridgway ya hango.

Ba a saurare shi ba, kuma wanda ya fi kowa nuna tsadar rashin sauraren shi ne Robert McNamara. Daga shugabancin Ford ya zama sakataren tsaron Amurka a 1961, ya tafi da al'adar lissafi. Yaƙin Biyetnam ba shi da fagen daga da za a nuna a taswira an ci gaba ko an ja baya, sai aka mai da adadin gawawwakin abokan gaba ma'aunin nasara, ƙarin girman hafsoshi ya rataya a kansa. Douglas Kinnard, wanda shi ma janar ne, ya aika wa janarorin da suka yi yaƙin tambayoyi a 1974, kashi 61 cikin ɗari suka ce sau da yawa ana aringizon adadin. A tsakiyar shekarun 1970 mutum uku daga fannoni uku suka sake faɗin abu ɗaya: Steven Kerr a kan wautar saka wa abu ɗaya da lada alhali wani abin ake fata, Charles Goodhart a kan alƙaluman kuɗin Ingila da ke rikicewa da zarar babban banki ya mai da su abin cimmawa, da Donald Campbell a kan alƙaluman makarantu da na 'yan sanda.

A cikin jami'o'i kuwa wata muhawarar ake yi, a kan mene ne ma nasarar ma'aikata. Wasu suka ce cimma manufarta. Aka tambaye su manufar wa, ta mai jari ko ta ma'aikaci ko ta mai saye, kuma wadda aka rubuta a takarda ko wadda ake bi a zahiri? Ephraim Yuchtman da Stanley Seashore a 1967 suka ce a bar maganar manufa, a duba iyawar ma'aikata ta samo abin da take buƙata daga waje domin ta rayu. Da wannan ma'auni hukumar da ta ƙware wajen tatso kasafin kuɗi ba ta tsinana komai ba ita ce gwarzuwa. Richard Steers ya duba tsare-tsare 17 a 1975 ya ga ba su cika haɗuwa ba, John Campbell ya ƙirga sharuɗɗa 30 a 1977, har a 1983 Paul Goodman da abokan aikinsa suka ba da shawarar a dakatar da irin wannan bincike gaba ɗaya. Ana yawan kallon wannan zamani a matsayin ɓata lokaci. Ni a wurina shi ne lokacin da fannin ya fi faɗin gaskiya, domin Kim Cameron da Robert Quinn da John Rohrbaugh sun kai ga cewa ma'aikata na bin buƙatun da ke karo da juna, kamar tsari da sassauci, kuma zaɓen ma'auni zaɓe ne na wanda za a fifita. Masu lissafi suka nemi hanyar kewaye. A 1978 Abraham Charnes da William Cooper da Edwardo Rhodes suka fito da hanyar kwatanta makarantu ko asibitoci ko rassan banki da waɗanda suka fi su iya sarrafa abin da ke hannunsu. An yi dubban maƙaloli da ita, amma har gobe mutum ne ke zaɓen abin da za a shigar a matsayin amfanin da makaranta ta fitar.

Motocin Japan da talabijin ɗinta ne suka fitar da maganar daga jami'a zuwa ɗakin taron kamfanoni. A 1980 Robert Hayes da William Abernathy suka ɗora laifin komabayan masana'antun Amurka a kan manajojin da ke mulki da alƙaluman kuɗi na gajeren lokaci. A 1987 Thomas Johnson da Robert Kaplan suka nuna cewa kusan duk dabarun akanta na cikin gida da ake amfani da su an gama ƙirƙirarsu kafin 1925. W. Edwards Deming, wanda Japanawa suka sa wa kyautar inganci sunansa tun 1951, ya yi ta faɗin cewa a daina ɗora wa ma'aikata adadi, domin yawancin aibi daga tsari yake fitowa. Kamfanoni suka karɓi taswirorin lissafin da yake koyarwa, suka bar wannan ɓangare na maganarsa. A gefe guda aka buɗe kasuwar littattafan sirrin nasara. Tom Peters da Robert Waterman sun zaɓi kamfanoni 43 da suka yi fice a 1982 suka zayyana halayensu, shekara biyu bayan haka mujallar BusinessWeek ta ƙirga 14 daga ciki da suka shiga matsala. Barry Staw ya riga ya gano cutar tun 1975. Ya raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya ya ba su aikin hasashen cinikin wani kamfani, sannan ya gaya wa wasu sun yi ƙoƙari, wasu sun gaza, ba tare da duba ainihin aikinsu ba. Waɗanda aka ce sun yi ƙoƙari suka bayyana ƙungiyarsu da haɗin kai da sauraron juna, waɗanda aka ce sun gaza suka tuno saɓani. Idan haka ne, duk binciken da ya tambayi manajan kamfani mai riba game da al'adun kamfaninsa, ribar ce ke ba shi amsa. James March da Robert Sutton sun maimaita wannan gargaɗi a 1997, suka ce masu bincike sun san aibin, suna ci gaba ne saboda akwai masu saye.

A 1992 Kaplan da David Norton suka buga maƙalarsu a Harvard Business Review a kan allon maki mai fuska huɗu, wanda ya shahara da sunan Balanced Scorecard: kuɗi, masu saye, tafiyar aiki a cikin gida, da koyo da ƙirƙira. Sun gina shi a kan nazarin kamfanoni 12 da kuma allon da Art Schneiderman ya tsara a Analog Devices. Faransawa suka ce ai su tun shekarun 1930 suna da irinsa. Karɓuwar da ya samu ba ta da misali a fannin. Andy Neely ya ƙirga maƙaloli 3,615 a kan auna ƙwazo tsakanin 1994 da 1996 kaɗai. Amma wannan ƙofa ta biyu ce ta Ridgway, an yi mata sabon fenti. Hanne Nørreklit ta nuna a 2000 cewa sarƙar da ake zato, daga horar da ma'aikata zuwa gamsuwar mai saye zuwa riba, zato ne da ba a tabbatar ba, tunda ana iya faranta wa mai saye rai har kamfani ya karye. Christopher Ittner da David Larcker suka bincika kamfanoni 157 a 2003, suka ga kashi 23 cikin ɗari kawai ke gwada ko ma'aunan da suka zaɓa suna da alaƙa da sakamakon da suke nema. Kuma a daidai shekarun da ake ta maganar daidaito, ladan shugabannin kamfanoni ƙara ɗaurewa yake yi da farashin hannun jari. Kamfanin Enron ya rushe a 2001 bayan shekaru yana nuna alƙaluman da kasuwa ke son gani.

Akwai hujja mai ƙarfi a kan duk abin da na faɗa, kuma daga aikin gwamnati ta fito. Tun zamanin Margaret Thatcher Ingila ta fara shigo da ma'aunan kamfanoni cikin hukumomi, Amurka ta yi dokar auna ƙwazon hukumominta a 1993, gwamnatin Tony Blair kuma ta kai abin ƙarshe daga 2001, inda aka riƙa ba asibitoci taurari, shugaban asibitin da ya rasa tauraro kujerarsa na rawa. Jiran tiyata ya ragu ƙwarai a Ingila, alhali a Wales da Scotland, inda ba a yi wannan matsi ba, bai ragu haka ba. Wannan gaskiya ce, kuma wanda ya yi shekara yana jiran a gyara masa ƙugu ba zai so a raina ta ba. Gwyn Bevan da Christopher Hood, da suka yi nazarin tsarin a 2006, sun amince da haka. Sannan suka kawo ɗaya gefen. Da aka ce kada mara lafiya ya wuce awa huɗu a sashen gaggawa, an sami inda ake barinsa a cikin motar asibiti a ƙofa don kada agogo ya fara ƙirgawa, da inda ake mai da gadon turawa a baranda gadon kwanciya a rubuce. A 2005, ana tsakar yaƙin neman zaɓe, wata mata ta gaya wa Blair a talabijin cewa likitoci sun daina ba da ranar ganawa ta mako mai zuwa don su cika sharaɗin ganin kowa cikin awa 48, aka ga mamaki a fuskarsa. Abin da ya fi damun Bevan da Hood shi ne babu mai iya cewa nawa ne gyara na gaske nawa ne coge, domin gwamnatin da ke cin moriyar kyawun alƙaluman ba ta da kwaɗayin bincikarsu. Iyakar abin da wannan hujja ta tabbatar shi ne matsi kan yi aiki inda abin da ake nema ɗaya ne, a bayyane yake, kuma ƙirga shi na da sauƙi. Inda ba haka ba, sai a ga irin na Atlanta, inda kotu ta sami malamai da jami'an ilimi 11 da laifi a 2015 saboda gyara amsoshin jarrabawar yara, ko na bankin Wells Fargo, da aka ci tarar dala miliyan 185 a 2016 bayan ma'aikatansa sun buɗe miliyoyin asusu ba da sanin masu su ba don cika adadin da aka ɗora musu.

Hujja ta biyu ta fi ta farko tsabta, domin gwaji ne irin na masu haɗa magani. Nicholas Bloom da abokan aikinsa sun je masaƙun da ke kewayen Mumbai a Indiya, suka zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a aka tura musu ƙwararrun masu ba da shawara na watanni, wasu aka bar su don kwatance. Kafin a fara, rumbunan zare a hargitse suke ba tambari, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na ma'aikata aikinsu gyaran aibin yadin da aka riga aka saƙa. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna yawan abin da ake samarwa ya ƙaru da kashi 17 cikin ɗari a shekarar farko. Ga shi nan, in ji masu goyon baya, awo yana aiki. Tabbas yana yi, amma a duba wane irin awo. Akwai ladan ƙwazo a cikin dabaru 38 da aka koyar, sai dai galibinsu na rubuta aibi ne iri-iri a kowace rana, da sanin injin da ya fito daga gare shi, da zama kowace safiya a duba, da gyara injin kafin ya lalata wani bandir. Lambar tana hannun masu aikin, tana isowa da wuri, kuma tana nuna musu inda za su sa hannu. Masu masaƙun ma, da suka fara ganin abin da ke gudana, sai suka ƙara sakar wa manajojinsu mara.

Binciken da ya fi kusa da mu a Nijeriya aka yi shi. Bayan ƙungiyar ƙasashe masu bin bashi ta Paris Club ta yafe wa ƙasar bashin dala biliyan 18 a 2005, an ware kuɗin da aka tsira da su domin ayyukan jin daɗin jama'a, aka kuma tura injiniyoyi masu zaman kansu su je su gani da ido ko rijiyar burtsatse ko ajin makaranta ko madatsar ruwan da aka ba da kwangilarta tana nan. Imran Rasul da Daniel Rogger suka ɗauki rahotannin ayyuka kusan 4,700 na hukumomin tarayya 63, suka haɗa da bayanin yadda ake tafiyar da kowace hukuma. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na ayyukan ko farawa ba a yi ba. Abin da suka buga a 2018 ya saɓa wa abin da masu shirin gyaran aikin gwamnati ke wa'azi: hukumomin da ke ba jami'ansu damar yanke shawara sun fi kammala ayyuka, waɗanda suka fi yawan sa ido da rataya lada a kan ma'auni kuma sun fi barin aiki a hanya, musamman idan aikin mai sarƙaƙiya ne. Da suka maimaita a Ghana tare da Martin Williams sun ga kusan haka. Dole a yi hattara, domin wannan alaƙa ce aka gani, ba gwaji ba ne, kuma mai yiwuwa hukumar da ta saba gazawa ita ce ake tsananta wa sa ido. Haka nan wanda ya san yadda kwangila ke tafiya a ƙasar nan yana da dalilin jin tsoron a sakar wa jami'i mara. Amma a lura cewa binciken kansa ya yiwu ne saboda awo na gaskiya, wanda wasu daga waje suka yi, mutanen da albashinsu bai dogara da kyawun sakamakon ba.

Daga nan ne wani reshe na binciken ya fara juyawa daga tambayar me za a auna zuwa tambayar yaya ake amfani da abin da aka auna. Robert Simons ya bambanta lambar da shugaba ke dubawa don kama mai laifi da wadda yake zama da na ƙasa da shi su yi muhawara a kanta. Robert Behn ya jera dalilai takwas da ke sa hukuma ta auna aikinta, ya nuna kowane dalili da irin ma'aunin da ya dace da shi, don haka lamba ɗaya ba za ta ɗauki nauyin koyo da na hukunci a lokaci guda ba. Wannan reshe shi ne mafi amfani, kuma shi ne mafi ƙarancin kasuwa, tunda ba ya fitar da allon da za a sayar. Kasuwar tana wajen sabon zagaye na ƙaro ma'aunai. John Elkington ya kawo shawarar a riƙa lissafin riba da jama'a da muhalli tare a 1994, a 2018 kuma da kansa ya nemi a janye ta a sake tunani, saboda an mai da ita wani aikin akanta kawai. Yanzu akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce ba wasu kamfanoni maki a kan muhalli da zamantakewa da shugabanci, ana juya jari mai ɗimbin yawa da makin. Florian Berg da Julian Kölbel da Roberto Rigobon sun kwatanta shida daga cikinsu a 2022. A sikelin da 1 ke nufin cikakkiyar yarda, masu ba da makin iya biyan bashi suna haɗuwa a kan 0.99, waɗannan kuwa a kan 0.54. Fiye da rabin saɓanin ya fito ne daga yadda kowa ke auna abu ɗaya, kamar haƙƙin ma'aikata, ta hanyarsa. Sun kuma tarar da cewa idan mai ba da maki ya ga kamfani da kyau a fanni ɗaya, yakan ba shi maki mai kyau a sauran fannonin, wato abin da ɗaliban Staw suka yi a 1975, sai dai wannan karon kuɗin fanshon mutane ne ke bin makin.